Ranar da Na Zama Bakin Surukata a Gaban Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukata ta rasu da hantsi a gidanmu na haya a Yantala, nan Yamai, kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara.

Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Zabarmawan unguwa suna ta zuwa da “fonda tilas”, gaisuwarsu ta ta'aziyya, 'yan'uwana teloli na Kalley suka rufe shagunansu suka zo suka zauna da ni, su da ko suna ake yi sai su leƙo su gudu. Mutanenta daga ƙauyensu can bayan Tasawa suka iso washegari cikin mota guda, ƙanwarta tun daga bakin titi take kuka. Abin da ya dame ni shi ne duk wanda ya buɗe baki, magana ɗaya yake yi. Yayanta, wani tsoho mai sanda, ya ce, “Wannan baiwar Allah tun tana yarinya ba a taɓa jin ta ce wash ba.” Ƙanwarta ta ce, “Yaya ai kunya ce aka naɗe da zane.” Maƙwabciyarmu Bazabarma, da Hausarta ta kasuwa, ta ce, “Tsohuwa akwai kunya, wallahi babu irinta.” Liman ma da ya tashi addu'a, da kunyar ya fara yabonta.

Ni ina ta cewa amin, kaina a ƙasa. Sun ɗauka baƙin ciki ne ya sunkuyar da ni. Baƙin cikin akwai shi, amma abin da ya fi shi nauyi kunya ce nake ji, tawa da ta gidanmu duka, don na san abin da wannan halin da ake yabo ya jawo mata. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, kafin a mayar da ita wata waliyyiya da ba ta taɓa jin ciwo ba.

Ni tela ne, a Kalley nake ɗinki. Ɗiyarta ta fari nake aure. Wanda ya san surukuta irin ta wajenmu ba sai na yi masa dogon bayani ba. In na je gaishe ta, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in ce, “Inna, kun kwana lafiya?” ta amsa a taƙaice, shi ke nan hira ta ƙare. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa cin abinci ina wurin ba, ni ma ban taɓa ci tana wurin ba. In tana da magana da ni, ba ni za ta yi wa ba. Sai ta dubi tukunya ko bango ta ce, “A gaya wa mai gidan nan gero ya kusa ƙarewa,” alhali ga ni tsaye kusa da randa. Ni kuma sai in dubi ƙyaure in ce, “A ce mata an ji.” Haka muka yi shekara da shekaru, kuma wallahi mun fahimci juna fiye da wasu masu yini suna zuba.

Kada a ce mace ce mai sanyi. Ina! Tana da baki, a kan bangon take sauke shi. Birnin nan bai taɓa burge ta ba. Ta ce mutanen Yamai shinkafa ta lalata musu gwiwa. In za ta zo, sai ta ɗauko daddawarta da kukarta da busasshiyar kuɓewa, ta ce ba za ta ci miyar da aka yi da ɗan dunƙulen kanti ba. Amma lokacin da mahaifiyata ta rasu a ƙauyenmu, ita ce ta hau amalanke ta zo ba wanda ya aika mata, ta kama murhu har aka tashi daga zaman makoki, ta sulale da asuba kafin a yi mata godiya. Da na bi ta daga baya don in gode, sai ta ce wa akuyarta, “A ce masa abin da aka yi wa kai ba a godiya.”

Zuwanta na ƙarshe, jego ne ya kawo ta. Mai ɗakina ta haihu da ƙyar, sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron. A nan muka yi faɗanmu guda ɗaya tak a duniya. Ita ta dage sai an sayo itace a kasuwar Katako an dafa ruwa an yi wa maijego wanka da ganye kamar yadda aka saba. Ni kuma an gaya mini a asibiti kada a kuskura ruwan zafi ya taɓa ɗinkin. Ta dubi tukunya ta ce, “A gaya wa mai gidan nan, mu da ruwan zafi aka tashe mu, ba mu mutu ba.” Raina ya ɓaci, na dubi ƙyaure na ce, “A ce mata ɗinki dai sana'ata ce, na san abin da ke warware shi.” Mai ɗakina tana kwance tana dariya tana riƙe ciki tana cewa mu yi mata rai. Can Inna ta ce wa tukunyar, “To kunun kanwa fa, shi ma Nasara ya hana?” Aka tsaya a kan kunu.

Da suna ya matso, na ce zan ɗinka mata riga. To amma wane suruki ne zai ɗauki metir ya zagaya ƙugun surukarsa? Allah Ya kiyaye. Mai ɗakina ta zaro mini wata tsohuwar rigarta daga cikin ƙunshinta, na auna a kanta na yanka. Na zauna na yi aiki na gani na faɗa. Ranar suna ina ta leƙe, sai na hango ta cikin wani tsohon zane ta yafa wani a kai. Na ji haushi ƙwarai, don mu teloli a zage mu a kan saɓa alkawari mun saba, amma a ƙi sa ɗinkinmu, wannan yana mana ciwo.

Bayan kwana biyu mai ɗakina ta kawo mini rigar a ɓoye. Na juya ta, sai na ga an sa reza an farke gefe da gefe daga ƙugu zuwa ƙasa, an yi ƙoƙarin ƙara ta da allurar hannu, abin ya gagara. Na ce, “Ƙiba ta yi?” Mai ɗakina ta fashe da kuka. Ta ce wace ƙiba, hannuwanta sun zama kara, rigar har zamewa take a kafaɗa, cikin ne kawai ya fito kamar na mai shirin haihuwa. Ta ce loma biyu take yi ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, kuma ba ta da aiki sai zagayawa bayi. Sannan ta gaya mini abin da ya faru ranar sunan. Maƙwabciyar nan tamu, cikin wasa, a gaban mata, ta ce, “Kaka ma za ta yi wa jariri aboki ne?” Aka kwashe da dariya. Matar da mijinta ya daɗe a ƙasa! Tun daga ranar, in ta ji sallamar baƙi sai ta shige ɗaki.

Na ce wa mai ɗakina ta tambaye ta mana. Ta ce da wane bakin? Ita ɗiyar fari ce, uwar ko sunanta ba ta kira, ko ido ba su cika haɗawa ba. Ka ji fa! Uwa da ɗiya a ɗaki guda, suruki a tsakar gida, ciwo yana cin mutum a gabanmu, amma duk gidan babu mai bakin magana. Tir da wannan. Ɗanta namiji direban babbar mota ne, yana hanyar Kwatano, sai a waya.

Na daure na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce wa ƙyaure, “A ce mata ko za a je a ga likita.” Amsa ta fito daga ciki: “A ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Ta ci gaba da jiƙe-jiƙenta na saiwoyi, wai kumburi ne zai saɓe. Abin da ya karya ta ba zafin ciwo ba ne. Wata safiya ta zo yin sujada, goshinta ya kasa kaiwa ƙasa, sai a zaune ta ƙarasa salla. Ina shirin fita shago na ji ta ce wa bango, “In akwai mai zuwa wajen likita, a tafi da ni.” Mai ɗakina ba ta iya doguwar tafiya ba tukuna. Maƙwabciya kuwa, Inna ta ce gara ta mutu. Saura ni.

A asibitin mata aka yi mata hoton ciki, wanda suke ce wa eko. Ni ina zaune a benci a waje ina jin daɗin cewa nawa ya ƙare a biyan taksi. Sai ga likitar ta fito tana nemana. Yarinya ce, haihuwar Yamai, Hausarta ta sayen tumatir ce, Inna kuma Hausarta ta ƙauye ce mai lulluɓe komai, sun yi ta yi ba su gane juna ba. Ma'aikaciyar da ke jin Hausa sosai ba ta zo aiki ba. Ta ce in shigo in fassara. Na ce mata da ɗan Faransancina na lakwal, wanda na tsinta a makarantar boko, “Madam, surukata ce fa.” Ta ce, “Na sani, mu ma muna da surukai. Amma abin da na gani a hoton nan ba na son ya jira wani sati.” Ina tsaye ina zufa, sai na ji muryar Inna daga ciki: “A shigo.”

Na ja kujera na juya ta na fuskanci bango, na ba su baya. Likita ta yi bayani, ni ina juyawa. Ta ce akwai ƙari a jakar ƙwai da ke gefen mahaifa, ga kuma ruwa ya taru a cikin. Hoton ya nuna akwai abu, amma bai iya faɗin ko mai illa ne ko mara illa. Don haka za a ɗebi jini a auna wani abu da ake kira CA-125, wanda yakan yi yawa a jini in ƙarin na sankara ne. Ta ce shi ma ba alƙali ba ne, shaida ne kawai. Wani ciwon hanta ko tarin fuka da ya sauka a ciki yana iya ɗaga shi, kuma ana iya samun mai sankarar da nata bai hau ba. Sai an haɗa shi da hoton da kuma tarihin mai ciwon. Ta ce a jikin macen da ke ganin al'ada, ƙaramin dalili ma yana sa ya hau, amma a jikin wadda ta daina, in ya hau ga kuma irin wannan ƙarin, to magana ta yi nauyi. Saboda haka dole ta san yaushe Inna ta daina.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Likita tana jira da alƙalami. Da ƙyar na ce wa bangon, “Inna, wai ana tambaya, yaushe kuka daina fashin salla?”

Ina jin fanka tana juyawa. Can ta ce, “A ce mata tun kafin a kai waccan ɗakin miji.” Waccan ɗin matata ce.

Ba a tsaya nan ba. Ko an ƙara ganin jini bayan nan? Wannan tambayar sai da na maimaita ta, don ta farko ni kaina ban ji abin da na ce ba. Ta ce, “An gani.” Ko a danginta akwai wadda ta yi irin wannan ciwon? Ta ce mahaifiyarsu da kumburin ciki ta tafi, aka ce sammu ne. Tun yaushe ta fara jin nauyin cikin da saurin ƙoshi? Ta ce, “Damina biyu ke nan.” Na juya wa likita wannan da Faransanci, na ji ta ajiye alƙalaminta a kan tebur. Damina biyu! A cikinsu ta zo gidana, na durƙusa na ce kun kwana lafiya, ta ce lafiya lau, na tashi na kama gabana ina ganin na cika suruki.

Da aka zo ɗibar jinin, ta miƙa hannu tana kallon 'yar kwalbar. Ta ce, “Wannan ɗan mitsitsin ne zai tona abin da na rufe?” Na fassara, likita ta yi dariya, Inna ma na ji ta ɗan yi. Tun daga ranar ta raɗa wa gwajin suna ɗan gulma.

Da muka koma karɓar sakamako, ɗan gulma ya yi gulmarsa. Abin ya hau ƙwarai. Likita ta ce haɗe da hoton, zato mai ƙarfi sankara ce, a shirya aiki wajen waɗanda suka ƙware a kanta, kuma sai an ciro ƙarin an duba shi za a tabbatar. Na fita na kira ɗanta a waya. Ya ce, “Don Allah kada ku gaya mata, ku ce ruwa ne za a zuƙe.” Na ce to. Muna zaune a bencin waje muna jiran taksi, ita a wancan ƙarshen ni a wannan, sai ta ce wa itacen da ke gabanmu, “A gaya mini abin da jinin ya ce. Ban da irin ta teloli, gobe-gobe.” Matar da ta yarda ta buɗe mini abin da ko ɗiyarta ba ta buɗe wa ba, ita zan yi wa ƙarya? Na ce, “Inna, shaidar ba ta yi daɗi ba. Suna zaton ciwon daji ne. Sai an yi aiki.” Ta ce, “Alhamdu lillahi. Da ma na san ba kumburi ba ne.”

Aka yi aikin, aka tabbatar, kuma aka tarar ya riga ya bazu. Aka ɗora ta a kan maganin nan na ƙarin ruwa mai zubar da gashi. Ta sha wuya, amma ta samu sauƙi, har ta koma sujada da goshinta, har ta goya yaron da ta zo wa jego. Duk bayan wani lokaci sai a ɗebi jini a ga inda aka kwana. In na dawo daga labo, inda ake auna jinin, sai ta ce wa tukunya, “Yau kuma me ɗan gulman ya ce?” In ce wa ƙyaure, “Ya sauka.” Ta ce, “Ya ji kunya.” Mun yi watanni a haka, har na fara sakin jiki. Sai wata rana ya sake hawa, tun ita ba ta ji komai a jikinta ba. A wannan karon ma ni na gaya mata.

Na taɓa tsayar da likitar na tambaye ta, da mun kawo ta tun farko fa? Ta ce ba za ta ce da ta warke ba, wannan ciwon mai sanɗa ne, ko mata marasa ɓoye-ɓoye sau da yawa a makare ake gane shi. Amma ta ce damina biyu ba kwana biyu ba ce. Ban ƙara tambayarta ba.

Da jiki ya yi nauyi, Inna ta sa aka kira mata ƙanwarta da 'ya'yanta mata. Mai ɗakina ta ba ni labari. Ta ce musu abin da ya kashe uwarsu ba sammu ba ne, kuma duk wadda ta ji cikinta ya canza, ko ta ga jini bayan ta daina, ta tafi a duba ta ko da a gaban wa za ta faɗa. Ƙanwar ta toshe kunne ta ce, “Haba Yaya, a gaban yara?” Inna ta ce, “Ni a gaban suruki na faɗa, ga ni ban narke ba.”

Ana saura 'yan kwanaki ta cika, da safe na sa hula zan fita, mai ɗakina ta ce Inna tana kira. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta ce in matso. Na matso kaɗan. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, amma a wannan ranar ba bango ta yi wa magana ba.

Ta ce, “Na sa kunnenka ya ji abin da bai kamata kunnen suruki ya ji ba. Na sa bakinka ya faɗi abin da bai kamata ba. Ka yafe mini.”

Jama'a, ita ce ke neman gafarata! Ina da magana cike da ciki. Ina so in ce mata mu ne muka zauna muna gaishe ta tana ruɓewa, ina so in ce ban taɓa yin aikin da ya kai na ranar nan a gaban likita daraja ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ba komai, Inna. Ku ne za ku yafe mana.”

Ta ce, “Ɗago ka dube ni.”

Na kasa. Ta sake faɗa. Na ɗago.

Ashe tana da zane biyu-biyu a kumatu. Ashe idanunta irin na ɗiyata ta biyu ne sak, ni da nake ta cewa yarinyar nan ba ta yi kama da kowa ba. Kumatun sun faɗa, babu gira, leɓen ya bushe. Ta dube ni sosai, ni ma na dube ta, ta ɗan yi murmushi ta ce, “To, je ka shago, kada ka saɓa wa mutane.”

Shekarun nan duka tana da ƙoshin lafiya, tana dariya da jikoki, tana faɗa da tukunya, ban taɓa ɗaga kai ba. Yanzu in na zauna yi mata addu'a na nemi fuskarta a zuciyata, guda ɗaya ce gare ni, wadda ciwo ya riga ya cinye.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya sa kin huta.